Waƙar Dakan Inna

Zuwa ga Yaya Zunnuraini,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Fauziyya da yara. Yaya ƙafar taka? Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, na tafka ɓarna, kuma na rasa wanda zan faɗa wa sai kai.

Ka san waƙar dakan Inna, wadda take kiran Mala da Larai da Ɗayyabu su zo su ci tuwo kada ya huce. Da hutu na naɗe ta a waya, na kawo wa ɗalibaina na nan Gaya a darasin adabi, muka zauna muka feɗe ta. Ni da bakina na ce jigonta raha ne, tunda taɓarya da sauri take sauka, mata kuma suna guɗa. Sunayen kuwa na ce cike giɓi ne kawai don waƙa ta zauna. Har a allo na rubuta, suka kwafa.

Da ma na tsaya nan! Rawar kai ta ja ni muka mayar da ita wasan kwaikwayo ranar taron iyaye: uwa tana kiran malalatan 'ya'ya, suna ɓuya bayan rumbu. Takanas na ɗauko Inna daga Gafasa na zaunar da ita a gaba. Jama'a suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ita ma ta tafa, wallahi na gani.

Sai makon jiya Gwaggo Kulu ta ja ni ɗaki ta wanke ni tas. Ashe masu sunayen nan yayyenmu ne. Ƙyanda ta kwashe su ukun a bazara ɗaya, tun ba a haife ka ba. Inna ba ta taɓa yin zancensu da kowa ba, sai a bakin turmi. Shekara arba'in tana kiran su cin abinci, ni kuma da digirina na tara gari aka yi musu dariya.

Kai ka sani? In ka sani, me ya hana ka faɗa min?

Ranar Asabar na koma Gafasa na durƙusa wa Inna. Ta ce babu komai, yaran sun yi ƙoƙari, ta tambaye ni ko na ci abinci. Da la'asar ta ɗauki taɓarya, na zauna ina jira. Ta daka geron nan har ya zama gari, ba ta buɗe baki ba. Gwaggo ta ce tun ranar wasan haka take.

Don Allah ka zo, kai tana jin maganarka. Ba yafiya nake nema ba, ta riga ta yafe. So nake ta koma kiran 'ya'yanta. Nan ne kaɗai suka rage mata, kuma ni na raba ta da su.

Ka gaida mutanen gida, ka sa ni a addu'a.

Taka ƙanwa,
Halimatussa'adiyya