Bindigar Alhaji Lawan Tana Wuyan Mijina

Zuwa ga Mai Girma Shugaban ofishin da ke ajiye da bindigogin da aka karɓa daga hannun jama'a,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka. Ranka ya daɗe, sunana Hajara, matar marigayi Malam Garba mai gyaran bindiga a unguwar Dala. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ka yi haƙuri da rubutuna. Na rubuto ta jarida ne saboda tun da na fita takaba nake zuwa ofishinku, ba a taɓa barina na wuce bencin ƙofa ba.

Na farko, ina so ka san ko wane ne mijina. Da izinin hukuma yake sana'arsa. Abin da ya fi gyarawa tsofaffin ƙananan bindigogin nan ne masu ɗura wa kansu harsashi bayan kowane harbi, waɗanda masu lambu ke korar gafiya da tsuntsaye da su. Yakan ce yawancinsu lafiyarsu ƙalau, mutanenmu ne ke shafa musu man gyaɗa kamar ƙafar jariri, man ya haɗu da hayaƙi ya daskare, kwanson harsashi ya maƙale. Sai ya wanke da kananzir da tsohon buroshin haƙori, in sifirin, wato ɗan ƙarfen nan mai naɗi, ya saki, sai ya sa sabo. Ba ya karɓar bindiga sai ya san mai ita da gidansu.

Na biyu, a ƙarshen mulkin soja aka yi sanarwa cewa duk mai bindiga a hannunsa ya kai ofishinku a duba. A lokacin guda ɗaya ce a shagonsa, ta Alhaji Lawan na Mandawari, wadda ya gada daga mahaifinsa. Alhaji ya yi tafiya, Malam kuwa mutum ne mai tsoron doka. Ya naɗe ta cikin buhu ya kai da ƙafarsa. Aka karɓa, aka ce ya dawo wani mako, ba a ba shi ko guntun takarda ba. Ya yi ta komawa har ciwo ya kwantar da shi.

Na uku, kuma wannan ne yake hana ni barci. Ranar jana'izarsa, da liman ya ce duk mai wani haƙƙi a kan mamaci ya faɗa, Alhaji Lawan ya miƙe a gaban jama'a ya ce: "Ban yafe ba sai na ga bindigar mahaifina." Ƙanena ne ya kawo mini labarin ina cikin ɗaki. Yanzu a unguwa ana raɗe-raɗin Malam sayar da ita ya yi ya sha magani. Ban ga laifin Alhaji ba, kayansa ne, kuma bai ga shaida ba. Amma mutumin nan na zauna da shi tun ina yarinya, ko allurar ɗinkin maƙwabta ba ta kwana a gidanmu. Yau yana kwance da amanar wani a wuyansa, ba shi da bakin da zai kare kansa.

Na huɗu, ma'aikatanku sun ce ba yadda za a yi a gane ta tunda babu takarda. Akwai. Al'adar Malam ce, duk bindigar da ta shigo shagonsa sai ya zare ɗan ƙarfen da ke dukan gefen harsashi, wanda yake kira allura, ya ba ni in ajiye a ɗakina, don kada ta tashi a hannun wani. Allurar wannan tana cikin kwallata, naɗe a tsumma mai mai. Ku duba cikin ma'ajiyarku, za ku sami wadda ba ta da allura, ƙotarta kuma ɗaure da jan waya inda ta tsage.

Abin da nake roƙo kaɗan ne. A duba ma'ajiyar nan a gabana da ƙanena. In doka ta yarda, a mayar wa Alhaji Lawan kayansa. In ba ta yarda ba, ban ce a karya doka saboda ni ba, a kira shi ya ga bindigar da idonsa, a gaya masa Malam Garba ne ya kawo ta. Daga nan ni zan je in durƙusa masa, ya koma gaban limamin nan ya ce ya yafe.

An ce yanzu mulki ya dawo hannun farar hula, talaka na iya magana a saurare shi. To, na yi. Ranar Litinin zan dawo bencin ƙofarku, haka kuma kowace Litinin har sai an buɗe mini.

Allah ya yi maka jagora, ya sa ka sauke amanar da ke kanka tun kana da baki. Allah ya jiƙan mahaifanka, ya jiƙan mijina.

Wassalam.

Hajara, matar marigayi Malam Garba,
Dala, Kano.