Matar Yayana Ta Ce Ba Zai Koma Shago Ba Sai Na Yi Allurar Mura

Gwaggo, barka da aiki. Don Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya kulle. Kuma ki sakaya sunana, domin ina zargin da yawa daga masu karanta wannan fili kawunansu sun taɓa bi ta hannuna.

Ni mai aski ne. Shago ɗaya muke da yayana, uwa ɗaya uba ɗaya. Kujera biyu ce a ciki, da dogon madubi guda da muke rabawa. Shi ya koya mini riƙe kilifa tun ina gama sakandare, kuma har yau da na ajiye 'ya'ya uku, idan ya ga hannuna ya karkace a layin goshin wani sai ya yi mini gyaran murya ta cikin madubi. Shagon ƙarami ne, taga ɗaya ce, ita ma allon tallan maƙwabcinmu mai gyaran waya ya toshe rabinta. Idan masu jiran layi suka cika benci, abin da wannan ya fitar shi wancan ke shaƙa.

Bara wani ƙullutu ya fito wa Yaya a wuya, aka gwada aka ce ciwon daji ne. An yi wata da watanni ana ɗura masa magani ta jijiya. Maganin ya zubar masa da gashi har gira, shi kuwa sai dariya yake yi, wai shekara da shekaru yana aske mutane, ga shi an yi masa ƙwal-kwabo bai zauna a kujerar kowa ba. Alhamdu lillahi yanzu an gama maganin, gashi ya fara tsirowa, likitansa ya ce zai iya komawa aiki a hankali, rabin yini rabin yini. Sai dai ya gargaɗe su cewa garkuwar jikinsa ba ta gama dawowa ba, kuma ga lokacin sanyi ya kawo kai, lokacin da muguwar murar nan mai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi take yawo. An ce shi Yaya za a yi masa allurar rigakafinta, kuma zai yi kyau waɗanda ke yini tare da shi su ma su yi. Matarsa da manyan 'ya'yansa duk sun yi.

To, Gwaggo, ni lafiyata ƙalau. Ba yabon kai ba, ban san hanyar ɗakin likita ba sai da ciwon Yaya ya kai ni. Da ƙafa nake zuwa aiki, a tsaye nake yini, ba na shan taba. Mutum zai zauna a kujerata yana tari yana fyace hanci, fuskata kusa da tasa ina gyara masa gemu, in tashi washegari garau. Murar da ke kama ni ta kwana biyu ce, ruwan zafi da barci su kore ta. Kuma ba wai ban taɓa yin allurar ba. Shekarun baya wani kwastomana mai kantin magani ya lallaɓa ni na yi. Kafaɗata ta dama ta yi nauyi kamar an rataya mini bulo, jikina ya yi ɗumi, na yini ina ɗaga kilifa da ƙyar har na ɓata wa wani ango aski. Bayan duk wannan, a sanyin shekarar sai da na yi mura. Tun daga nan na ce ni da ita haihata-haihata.

Maman yara ma tana bayana. Ta ce wata da suke aiki tare ta yi allurar, kwana kaɗan ta kwanta rijif, don haka a ganinta cutar ce da kanta ake zuba wa mutum. A shago kuwa kin san mu, majalisa ce. Da na tayar da zancen, wani ya ce kasuwancin masu yin magani ne kawai, shi ya sa kowace shekara sai an ce a sake. Wani dattijo da ke zuwa gyaran fuska ya ce shi duk shekara yana yi kuma ga shi nan daram. Wani ya ce ai ta tsofaffi ce da masu ciki. Aka watse ban ƙaru da komai ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne abin da ya faru makon jiya. Matar Yaya ta zo shago da rana, lokacin ba kowa, ina share gashi. Ni da ita mun saba da tsokana, tun tana amarya nake ce mata ta ƙwace mana Yaya, ita kuma ta ce in je in yi girma tukuna. Sai na fara wasan da na saba, na ce yau kuma aski aka zo. Ba ta yi dariya ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni ko na yi allurar. Na ce mata ni ba na ciwo, na ba ta labarin kafaɗata. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce muddin ban yi ba, Yaya ba zai tako shagon nan ba har sanyi ya wuce. Na ce ai shagon nasa ne, ba ta isa ta hana shi ba. A nan ne ta ce, "Ni na zauna da shi a asibiti ina kallon numfashinsa, ba kai ba."

Gwaggo, maganar nan ta tsaya mini a rai. Lokacin da take asibiti ina ina? Ina shago ni kaɗai daga safe har a rufe, ina aske kwastomomina ina aske nasa, don kada tukunyar gida biyu ta sauka. Ban taɓa yi wa kowa gori ba. Ranar da ba na shago ina bakin gadonsa. Yanzu a ce ni ne haɗarin da ake tsare shi daga gare ni? Na ci gaba da shara, ta juya ta tafi. Tun ranar ba mu gaisa ba.

Shi Yaya bai san an yi haka ba. Ta ce masa ya ƙara haƙuri jikinsa ya yi ƙwari. Kullum da safe sai ya kira ni ya tambayi wa ya zo, wa ya tambaye shi, ko na kai almakashinsa wasawa. Na san zaman gidan nan yana cin sa fiye da yadda yake nunawa. Idan na gaya masa gaskiya, na san halinsa, zai sa takalmi ya taho a ranar, kuma gidansa zai kama da wuta, don ya tsani a riƙa lallaɓa shi kamar ƙwai. Idan na yi shiru, zai ƙare sanyin nan a falo yana kallon bango. Idan kuma na je na yi allurar, ji nake kamar na amsa cewa abin da ta faɗa daidai ne.

Ki gaya mini tsakani da Allah, mutum mai lafiya kamata, allurar nan tana da wani amfani gare shi, ko tsoro ne kawai ya sa ta kafa mini ƙahon zuƙa?

Naki,
Ƙanin Mai Aski


Ɗana mai aski,

Allah ya ƙara wa yayanka lafiya, kai kuma ya saka maka. Riƙe kujera biyu da hannu biyu na tsawon watanni jinya ce ita ma, ko da ba a gefen gado aka yi ta ba.

Ni ba likita ba ce, don haka sai da na zauna da wata likita na karanta mata tambayarka kafin in amsa. Abin da ta fara faɗa zai yi maka daɗi: idan don kanka kaɗai ne, ba ka yi wauta ba da ka tsaya kana tambaya. Yawancin manya masu ƙoshin lafiya sanyi yakan wuce muguwar murar ba ta kama su ba, waɗanda ta kama kuma galibi kwanciyar mako guda ce su miƙe. Allurar ba katanga ba ce. A shekarar da aka dace tana rage yiwuwar kamuwa da kusan rabi, wata shekarar ƙasa da haka, domin ƙwayar cutar tana sauya kama, kuma wannan ne dalilin sabunta ta duk shekara. Amfaninta ga irinka matsakaici ne, amma yana nan, kuma wanda ke cin abinci da tsayuwarsa ya san abin da kwanciyar mako guda take nufi. Masu ƙarfi ma murar takan kayar da su, ba ta duba wa ke zuwa aiki da ƙafa.

Murar da ka yi bayan allurarka ta farko ba hujja ba ce cewa ba ta aiki. Ƙwayoyin da ke sa atishawa da yoyon hanci suna da yawa, allurar kuwa ta mura mai zazzaɓi ce kaɗai. Ka gaya wa maman yara kuma cewa wadda ake yi a kafaɗa babu rayayyar ƙwayar cuta a cikinta, ba za ta iya sa wa mutum murar ba. Sai ta yi kusan mako biyu kafin ta fara kare jiki, saboda haka mai yiwuwa abokiyar aikinta ta riga ta kwaso abinta, ko kuma wata cutar ce daban. Nauyin kafaɗa da ɗumin jiki gaskiya ne, yini ɗaya ko biyu su wuce. Kuskurenka a wancan karon shi ne ka miƙa hannun da kake aski da shi. Wannan karon ka ba su na hagu, ka zaɓi yammacin da washegari ba ka buɗe shago, ka faɗa musu idan wani magani ko allura sun taɓa yi maka mummunar illa, kuma ka ce musu kana zama da mai raunin garkuwa don su ba ka irin da ta dace.

Na ce wannan karon ne saboda shawarata ka yi ta, kuma dalilin ba lafiyarka ba ce. Jikin da ya sha irin maganin da yayanka ya sha ba lallai ya karɓi rigakafi da ƙarfi kamar naka ba, shi ya sa likitansa ya ce na kusa da shi su yi. Mutum yana iya yaɗa murar nan tun kafin ya ji alamarta a jikinsa. Abin da zai zo maka a matsayin ɗan kasala, ruwan zafi ya kore shi, shi yana iya mayar da shi gadon asibiti. Kwastoma minti kaɗan yake yi ya tafi, kai kuwa kana gefen yayanka duk tsawon zamansa a ɗaki mai rabin taga.

Ita ma matar yayanka akwai inda ta zarce. Maganar da ta faɗa maka ba adalci a cikinta, kuma ɓoye wa miji dalilin da ya sa aka zaunar da shi a gida ba daidai ba ne, ko da ƙauna ce ta sa. Babba ne, jikinsa ne, sana'arsa ce. Sannan idan tana zaton kafaɗarka kaɗai ce za ta tsare shi, ta yi kuskure, ga benci cike da masu tari. Amma ka tuna mace ce da ta yi watanni tana tsoron za ta koma gida ita kaɗai. Tari da benci sun fi ƙarfinta, kai ne kaɗai wanda take iya roƙa, sai roƙon ya fito mata da kaifi. Ba na jin ta manta wanda ya riƙe gidanta. Yin allurar ba amsa laifi ba ne, kuma kada ka bari fushin magana ɗaya ya yanke hukunci a kan lafiyar ɗan'uwanka.

Ka je ka yi ta cikin makon nan, tunda tana buƙatar lokaci kafin ta kama. Bayan ka yi, ka je gidan da kanka, kada ka aika saƙo ta waya. Ka gaishe ta, ka ce mata ka yi, sannan ka gaya mata a natse cewa maganarta ta yi maka zafi da dalilin da ya sa. Sau ɗaya ya isa, kada ka tsaya jiran ta ba ka haƙuri a take. Daga nan ku zauna ku uku da yayanka, a faɗa masa abin da likita ya ce ba tare da an kwashe masa labarin faɗanku ba, a tsara dawowarsa tare da shi. Ka roƙi maƙwabcinku ya matsar da allonsa iska ta shigo, ƙofa ta zauna a buɗe, mai tari da zazzaɓi a ba shi haƙuri ya dawo idan ya warke, ko ka karɓe shi kai bayan Yaya ya tashi. Idan likitansa ya ce ya sa takunkumi, kai ma ka sa, don kada ya ji shi kaɗai ne majinyaci a ɗakin. Ranar da kai ka tashi da zazzaɓi, da allura ko babu, ɗayanku ya zauna a gida.

Idan ranar dawowarsa ta zo, kada ka riga shi zuwa. Ka bar shi ya buɗe shagon da makullinsa, ya shiga ya tarar ka sauya wa kayansa wuri, ya yi maka faɗa son ransa. Allah ya raba ku da ciwo, ya bar ku tare.

Gwaggonku