Keken da Ka Aiko wa Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya sa albarka a aikinka, ya raya mana zuri'a. Mu nan alhamdulillahi. Maigidana ya samu sauƙin ciwon bayan nan, 'yan biyu sun shiga aji huɗu, Goggo kuma tana nan da ƙafarta, yau da sauƙi gobe babu. Na zaɓi in rubuto maka ne maimakon in kira, don in na kira dariya za ka yi ta yi, ka ce na cika damuwa, kafin in kai ƙarshen magana ka ce ana nemanka a wurin aiki. Takarda kuwa dole ka bi ta har ƙasa.

Maganar Baba ce, da keken nan da ka aiko masa. Ka san yadda ya koma bayan rasuwar Mama, Allah ya jiƙanta: daga kujera sai kujera, rediyo a kunne, abinci sai an yi da gaske. Da likita ya ce ya riƙa taka ƙafa na rabin awa kullum, ni na fi kowa murna. Ya fara da zagaya layinmu, har ya haɗu da tsohon hedimastan nan na bayan gidanmu da abokinsa Mai Agogo, suka ja shi cikin wasu tsofaffi da ke fita tuddan bayan gari duk Laraba da Asabar. Yana dawowa da laka har idon sawu, ya cinye abin da aka zuba masa ya nemi ƙari. Ban ce komai ba sai godiya. Sai ya gaya maka a waya cewa wasu daga cikinsu da keke suke hawa tuddan, kai kuma ko ka tambaye ni, ni da nake tare da shi, sai ga mota a ƙofar gida an sauke kwali. Keke mai manyan tayoyi kamar na babur, ga giya rututu, wa mutum mai shekara saba'in da uku. Yaya, me kake tunani?

Tun daga ranar keken nan ya zama ɗan gida. A falo yake kwana, tsakanin kujerar Baba da talabijin, wai raɓa za ta ɓata masa sarƙa. Baƙin mai ya ɗiga a kafet ɗin Mama wuri uku. Ɗankwalina mai ruwan toka da na yi sati ina nema, a aljihun keken na same shi, ya zama tsumman goge taya. Da sanyi ya shigo sosai, har muna wayar gari da ƙanƙara a gilashin mota, na roƙe shi ya dakata sai gari ya yi ɗumi. Ya ce ai yanzu ne lokacin fita, ciyawa ta kwanta, ba zufa, kuma in ka hau can sama kana hango gari kamar an zana shi a faranti. Na ce hanyoyin nan na duwatsu santsi gare su. Ya ce shi ya fara hawa keke tun ba a haifi wanda ya haifi likitana ba. Hular kwanon da ka haɗo da ita yana sawa, amma a kan hularsa ta ulu, tana lilo a ƙeya, igiyar a sake.

Laraba uku da suka wuce ina cikin aji, alli a hannuna, ina tsakiyar rubutu a allo, sai ga mataimakiyar shugaba ta leƙo ta ce in zo ofis ana nemana a waya. Tsohon Hedimastan nan ne, abokin fitar Baba, yana haki har ban gane muryarsa ba da farko. Ya ce hazo ya rufe su a sama, suna gangarowa ta wata siririyar hanya Mai Agogo ya taka birki a kan ƙanƙara, keke ya kwashe shi ya buga shi da dutse, ya karye a kafaɗa, ba ya iya tashi. A wurin babu sabis, shi ya sa shi Hedimasta ya gangaro neman inda waya za ta shiga, ya bar Baba da mai rauni. Na tambayi lafiyar Baba, ya ce ƙalau yake, ko ƙwarzane babu. Abin da bai gaya mini ba shi ne Baba ya tuɓe rigar sanyinsa da suwaita ya lulluɓe Mai Agogo, ya zauna a kan dutse da 'yar shara yana tare masa iska da jikinsa. Awa biyu da rabi kafin masu ɗaukar marasa lafiya su isa wurin da ƙafa, don mota ba ta hawa.

Da na ga Baba a asibitin da aka kai Mai Agogo, leɓɓansa sun canja launi, hannunsa ba ya iya riƙe kofin shayi. Duk da haka tambayar farko da ya yi mini ita ce wa ya sauko masa da kekensa. Kwana biyu bayan nan tari ya taso, zazzaɓi ya biyo baya, aka ce sanyi ya kama masa huhu. Kwana biyar muka yi a kwance, ana ƙara masa iska ta hanci. Ban gaya maka a lokacin ba don ya rantsar da ni, ya ce in ka ji za ka bar aikinka ka taso. Na yi masa wannan, amma yanzu da ya warke alkawarin ya ƙare. Kai ka aika kyauta ka samu addu'a, ni na samu kujerar roba ta gefen gado da ɗalibai arba'in da aka rarraba wa wasu malamai.

Ranar da muka dawo gida na sa maigidana ya tura keken cikin sito, na danna kwaɗo, na jefa makulli a jakata. Baba bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya koma kujerarsa. In na gaishe shi ya amsa, in na kawo abinci ya taɓa ya ture. 'Yan biyu su zo da surutunsu, ya shafa kansu kawai. Ran Asabar da safe sai in gan shi tsaye a taga yana kallon Hedimasta na wucewa da sandarsa. Kwana goma sha biyu muka yi haka, ina jin haushinsa, ina jin naka, ina jin na kaina. Goggo ta ce na yi daidai, maigidana ya ce shi ba ya shiga tsakanin uba da 'ya, likita kuma da na je neman goyon baya ya ce huhun ya washe, abin da ya fi damunsa yanzu zaman ne.

Shekaranjiya Mai Agogo ya zo, hannu a rataye a wuya. Ina kicin ina jin su. Ya ce wa Baba shi dai hawan keke ya ƙare masa, 'ya'yansa sun sayar da nasa, amma da zarar an kwance masa hannu zai koma tafiyar ƙafa, don in ya zauna a gida bango ne kawai zai riƙa kallo har a zo a ɗauke shi. Da baƙon ya tafi na fito, na zauna na jera wa Baba sharuɗɗan komawa hawan keke: ba fita in akwai ƙanƙara ko hazo, ba fita su ƙasa da huɗu, igiyar hula a ɗaure, rigar sanyi ta biyu a jaka, keke kuma a sito zai riƙa kwana. Ya saurara har na gama, ya ce ya yarda da duka ban da na ƙarshe, a kan wannan za mu sake zama. Na ciro makulli na miƙa masa. Ya ƙi karɓa, ya sa hannu a aljihu ya fito da wani irinsa sak.

Ya ce, "Ni na sayi kwaɗon nan, da makulli uku ya zo. Jira nake ki ce in buɗe."

Yaya, ban san lokacin da na tashi na koma kicin ba, na tsaya gaban tukunya ina share ido, ga haushi ga kunya. Jiya ya wuni yana wanke sarƙa a tsakar gida, ya ci tuwon rana har da ƙari, Asabar kuma in gari ya yi kyau zai fita. Ni kuwa na san yadda zan wuni ranar, waya a hannu.

Abin da nake so da kai kaɗan ne. Ka kira shi ka jaddada masa sharuɗɗan nan, don maganarka ta fi tawa shiga kunnensa, kuma kar ka yi dariya yana ji. Na biyu, na ji yana gaya wa Hedimasta cewa akwai wani keke da ya fi wannan sauƙin hawa tudu, kuma ɗansa ya san inda ake samu. In ka kuskura ka aiko masa, to ka haɗo da tikitinka ka zo ka yi jinyar da kanka.

Ka gaishe mini da Anti da kyau, da ɗanka Babban Yaya ƙarami, da Auta mai rigima, ka ce mata na ga hoton haƙoran da suka fita. Maigidana da 'yan biyu suna gaishe ku, Goggo ta ce ka daina mantawa da ita. Baba bai san na rubuto ba, saboda haka babu gaisuwarsa a ciki. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka da ka bar wa aiki.