Ƙafar Dama

Bin Omran, Doha
4 ga Janairu

Zuwa ga Maman Habiba,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da yara. Yaya jikin Inna? A gaishe ta, a ce ina neman addu'a.

Akwai maganar da duk na kira ki sai in kasa faɗa, in ɓige da tambayar kuɗin masara, shi ya sa na ɗauki biro. Kin san duk lokacin sanyi kafil ɗina, wato ubangidan da nake yi wa tuƙi, yakan kwashi iyalinsa zuwa ƙasashen dusar ƙanƙara, su ɗaura dogayen katakai a ƙafa su yi ta zamiya daga kan dutse. Shekara tara ina kai su filin jirgi, ina ɗauko su, ina shan labari daga bayan mota. Bana ya ba ni hutun kwana biyar, kuma ina so ni ma in je. Ban taɓa son abin da ba shi da amfani kamar wannan ba, Sakinatu, kuma kunya nake ji.

Mumin, ɗan Kumasin nan mai gadi da muke ɗaki ɗaya, shi ne uban tafiyar. Ya gano ƙasar Jojiya ta fi arha. Mutumin nan in ya tashi rage tsada, ko dillalan kasuwar Gusau sai su sara masa. Jirgin Talata za mu bi, don na ƙarshen mako na masu hali ne. Masaukinmu a ƙauyen gindin dutse yake, ba a sama inda otal-otal suke ba. Rigar sanyi aro na yi wurin wani direba ɗan Nepal, hannunta bai kai mini wuyan hannu ba. Abinci kuwa buhu guda muka cika: garin kwaki, taliya, yaji da kilishin da kika aiko. Kuɗin gida ba zai taɓu ba.

In kin ce kar in je, na fasa.

Naki,
Ɗalhatu

Bin Omran, Doha
19 ga Janairu

Maman Habiba,

Sallama da fatan alheri. Na ji daɗi da jikin Inna ya yi sauƙi.

Saƙonki na karanta shi a Corniche, can bakin teku, ina jiran matar kafil. Da na zo inda kika ce shekara tara ban yi wa kaina komai ba, in je, sai na daɗe ina kallon jiragen ruwa. Na gode.

Amma kin tambaye ni ko babu haɗari, na ce miki a waya babu. Ban faɗi gaskiya duka ba. Akwai mai koyarwa da ake biya, akwai kuma inshorar da ke ɗaukar jinyar wanda ya karye a wasan. Su biyun sun kusa kuɗin jirgi, sai muka soke su. Mumin ya ce bidiyo ya ishe mu malami. Kwana uku ke nan muna gwaji a tsakar ɗaki da sandunan tsintsiya, 'yan ɗaki suna mana dariya.

Na faɗa miki ne don kar in tafi da ƙarya a bakina. Jibi za mu tashi.

Mijinki,
Ɗalhatu

Bin Omran, Doha
27 ga Janairu

Sakinatu,

Ina gaisuwa, ina gaida Inna da yara. Mun dawo lafiya, alhamdulillahi.

Na ga ƙanƙarar. Fara ce har ido ya yi ciwo, kuma wurin shiru ne, ko takunka da kyar kake ji. Na tuna yadda kike aika Habiba layin sayen ƙanƙara da azumi, ga ta nan ana takawa.

Rana ta biyu muka yi hayar katakan, na rabin yini, muka hau kujerun da ke tafiya a kan igiya zuwa sama. Muna sauka aka wuce da wani a kwance a kan makara mai santsi, an ɗaure masa ƙafa. Sa'ana ne. Ban san shi ba, ban san aikinsa ba. Mumin ya yi bismilla ya gangara, ya faɗi sau huɗu, ya isa ƙasa yana ɗaga mini hannu.

Ni kuwa na tsaya ina kallon ƙafata ta dama. Da ita nake taka mai, da ita nake taka birki. Maganin Inna, makarantar Habiba, rufin ɗakinki, duk daga ita suke fitowa. In ta karye, kafil mutumin kirki ne, amma yaransa ba za su jira wata uku a kai su makaranta ba. Mun rage tsadar komai, ashe abin da na bari ba kariya shi ne wanda ba nawa ba ne ni kaɗai. Na kwance katakan, na rungume su, na koma ta kujerar. Ni kaɗai ne ke sauka a cikinta, masu hawa suna kallona. Ba zan ɓoye miki ba, na yi hawaye.

Washegari na ga buhun abincinmu ya kusa ƙarewa. Na juye sauran a tukunya, na fita bayan masauki inda akwai ɗan gangare. Kin tuna yadda muke zamiya a gefen dutsen Kwatarkwashi muna yara, har wando ya huje? Na shimfiɗa buhun, na zauna, na ɗaga ƙafafuna sama. Sau goma sha ɗaya na sauko. Tsohuwar da ta ba mu masauki ta fito tana tafa mini, ni da furfurata.

Mumin ya ce na yi asarar kuɗin haya. Wataƙila. Jiya da safe na kai yaran kafil makaranta, ƙafar ta taka birki lafiya lau.

Buhun yana cikin akwatina. In na zo da damina, ki ce wa Habiba ta tanadi tsohon wando.

Naki har kullum,
Ɗalhatu