Hoton Uban da Aka Sayar

Birnin Hue, 9 ga Nuwamba

Nanay, mahaifiyata,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ciwon gwiwar, yaya su Ate Luz da yara? Ni lafiya lau, sai dai ruwan sama da ya hana kayana bushewa mako uku.

Akwai abin da na ɓoye miki. Shugaban makarantarmu ya ce idan ɗalibaina ba su fara magana da Turanci ba, ba zai sabunta kwantiragina ba. Ma'aikatan jinya ne, su ashirin. Suna karatu da rubutu, amma a gaban malami sai su yi gum.

Ranar Talata shugaban ya shigo duba aji. Muna karanta tsohon littafin wani marubucin Ingila, muka kai inda magaji ya sayar da kayan gida, har da hoton mahaifinsa marigayi. A ƙasar nan kuwa, gaban hoton mamaci ake ajiye masa abinci duk shekara ranar rasuwarsa. Sai Thuy, babbar cikinsu, ta miƙe, da Turanci:

"Malama, har hoton? To ina tsohon zai ci abinci?"

Khoa ya ce, "Yaya Thuy, Bature ne fa, ko turare ba ya kunnawa."

Ta ce, "Rufe mana baki! Kai ma halinka ke nan."

Minti arba'in suna gardama da Turanci. Shugaban ma ya ajiye biro, ya goyi bayan Thuy. Jiya ya sa hannu: shekara biyu.

Kirsimetin bana ma ba zan zo ba, ki yi haƙuri. Ki aiko mini da hoton mahaifina, Tatay. Ɗalibaina sun tambayi ranar rasuwarsa, sun ce girkin abincin da za a ajiye masa nasu ne.

Allah ya ƙara miki lafiya.

'Yarki,
Marites