Zuwa Ga Mai Waldar Da Ya Ba Ni Ƙwaya Biyu

Ya hasken idona, inuwata ta tsakar rana, babban likitan gidanmu wanda duk karatunsa ƙarfe ne da wutar walda,

Ina gaishe ka daga ɗakin da ka mayar wurin ziyara. Kakan tsaya a bakin ƙofa kamar baƙo, ka duba agogon tukunyar iskar da nake shaƙa, ka goge mata ƙura, ka juya. Ni kuwa matarka, mai roba a hanci, ko "ya jiki" sai dai yayarka ta kawo min saƙo.

Ka tuna ranar da ka dawo daga shago ka same ni da zazzaɓi, ka zaro ƙwaya biyu daga aljihu, wai abokin aikinka ya sha ya warke? Wannan gwaninta! Kwana huɗu fatata ta fara saɓulewa kamar ɓawon dafaffen dankali, leɓɓana suka fashe, idanuna suka manne. Wata biyu kana kan bencin asibiti, kana ɗiga min ruwa da cokali. Fata ta dawo. Huhu ne ya ƙi. Likita ta ce hanyoyin iskar sun yi tabo, kuma tabon ba mai tafiya ba ne. Matakala shida na ƙofar gidanmu yanzu sai na huta sau biyu, ni da a da nake hawa da goyo da bokiti.

To, tauraron asubata, wa ya naɗa ka alƙali har ka yanke wa kanka hukunci? A gabanka aka ce dubban mutane na shan maganin nan lafiya lau, jikina ne ya ƙi shi. Ka yi ganganci, na yi fushi, na huce. Kai kuma ka rungume laifi, ka bar ni da rungumar matashin kai. Sannu da ƙoƙari, jarumina.

Roƙona kaɗan ne. In ka dawo, ka wanke hayaƙin shagon, ka shigo ka zauna a gefen gado, ka ba ni labarin masu kawo ƙofa a karkace suna rantsuwa daidai suka auna. In na yi dariya na sarƙe, bar ni in yi tarina. Ya fi min shirun nan sauƙi.

Numfashina ya yi tsada yanzu, ba zan ƙarar da shi wajen ƙwala maka kira kana falo ba. Shi ya sa na rubuta.

Taka, har iya inda huhun nan zai kai ni,
Maman yaranka