Inna, Gobe Zan Kwana a Gungu

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Kulu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin wadda ɗa ke yi wa uwa yana durƙushe, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki.

Wannan ce takarda ta farko da na taɓa rubuta miki. Na rubuta wa kwamishinoni, na rubuta wa jaridu, na rubuta wa Turawan da suka koyar da ni, amma ke ban taɓa ba. Ba ki iya boko ba, ni kuwa a wancan lokacin gani nake duk wanda bai iya boko ba bai cancanci tawadata ba. Yau shekara ashirin da uku da rasuwarki, sai ga ni ina rubuto miki a waya, a inda jama'a za su karanta. Su karanta. Da gangan na yi.

Albishirinki, Inna: na ci jarrabawa. Ina da shekara sittin da uku, da furfura da hawan jini, na ci jarrabawar da ta fi duk waɗanda na ci a baya. Gobe da hantsi zan tafi hutu a gungu, abin da 'yan boko ke kira tsibiri. Kwana shida zan yi, ni kaɗai, a wani ɗan gida mai ɗaki ɗaya da rumfa, ruwa ta ko'ina. Makullin yana aljihuna yanzu haka, an ɗaura masa ɗan katako don kada ya nutse in ya faɗa ruwa.

Bari in fara gaya miki inda nake, don ba ki san garin ba. Sunansa Dubai, a ƙasar Larabawa. A wata unguwa da ake kira Deira nake aiki, a shagon Alhaji Sabo, mutumin Kano, inda 'yan kasuwa ke kawo kayan da suka saya a ɗaure musu a tura gida. Ni ne mai rubuta suna a jikin kwali, ni ne mai cike takardun kwastan. Furofesa suke kirana, kuma ba don girmamawa ba. "Furofesa, rubuta mana takalma dozin ashirin da Turancin Ingila!" Sai a kwashe da dariya, ni kuma in rubuta.

Digiri biyu gare ni a kan ilimin ruwa, ɗaya daga Ingila na samo shi. Na yi shekara ashirin a wata ma'aikatar gwamnati a ƙasarmu, har ranar da aka ajiye min takardar rijiyoyin da ba a haƙa ba aka ce in sa hannu. Na ƙi, aka sallame ni. Wanda ya sa hannun a madadina yanzu yana da gida a garin nan, a saman wani dogon bene. Bara na ɗaure masa kwalin turare da hannuna, bai ma gane ni ba. Ga abin da boko ya yi da ɗanki. Amma yau ba ranar kuka ba ce.

Tun da annobar nan ta korona ta hana mutane tafiye-tafiye, hutuna ya taru ban je ko'ina ba. Wata rana a cikin jirgin ƙasa, ina komawa ɗakin da muke haya mu huɗu a Al Nahda, na ga hoton gidan a waya. Gungu ne ɗan ƙarami a bakin teku, tafiyar awa biyu a mota daga nan, itatuwa sun tsiro a cikin ruwan gishiri sun kewaye shi. Ba shago, ba maƙwabci. Jirgi mai inji zai sauke ka da kayanka ya juya, sai ranar da aka yi alkawari. Ɗan kwalekwale kawai za a bar maka. Na daɗe ina kallon hoton har na wuce tashata.

Kin san abin da na gani. Gungunmu na gani, na ƙasan Yauri, kafin a yi madatsar ruwa kogi ya haɗiye shi. Ina shekara goma aka kwashe mu zuwa tudu. Na tuna kina tuƙa mu a ranar, tukwane a tsakiyar jirgi, awaki biyu a ɗaure, ba ki waiwaya ba ko sau ɗaya. Tun da Baba ya rasu ke ce mai filafili a gidanmu, ke ce mai banda, ke ce mai kai kifi kasuwa.

Na kira lambar da ke ƙasan hoton. Mai gidan wani tsohon Balarabe ne, Abu Salim, masunci tun kakanni. Da ya ji shekaruna sai ya ce yana da sharaɗi: wanda ya haura sittin ba ya kwana a gungunsa shi kaɗai, sai ya zo ya tuƙa kwalekwale a gabansa, daga gaɓa zuwa wani turke da aka kafa a tsakiyar ruwa, ya zagaya shi ya dawo. In ya kasa, babu makulli. Ya ce shi ba ya son ya tsamo gawar baƙo.

Inna, rabona da riƙe filafili shekara arba'in da tara. Kullum ina ganin teku in na raka kaya tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, amma ko ƙafata ban taɓa tsomawa ba. A garin nan kaf babu wanda ya san ni Basarke ne, jinin masunta. Ɗan akawu nake ce musu, ƙaryar da na fara tun a sakandare, na girma da ita har ta yi furfura tare da ni.

Ke kin san ranar da ƙaryar ta yi aiki. Ina aji biyu kika zo makarantar kwana da kwandon banda a ka, bayan tafiyar yini guda. Maigadi ya tambaye ki sunan ɗanki. Ni ɗan fari ne, bakinki bai taɓa kama sunana ba, kuma ba za ki fara a gaban baƙo ba. Kika ce masa yaron nan na gungu, dogo, mai tabo a goshi. Maigadi ya shigo ɗakin cin abinci, ɗalibai cike, ya ɗaga murya: "Wane ne ɗan mai kifi? Uwarsa na bakin ƙofa, ta ƙi faɗin sunansa!" Ɗakin ya ɗauki dariya, wasu na toshe hanci. Na ja hula na rufe tabon, na ci gaba da cin abincina.

An ce kin zauna a gindin darbejiya har la'asar, sannan kika bar kwandon kika tafi. Da na zo hutu na jira faɗa, ba ki yi ba. Kina tsame kifi daga wuta kika ce, "Makarantar nan taku da girma take, ƙila ba ka ji kira ba." Na ce e, ban ji ba. Kika ce to. Ba mu sake tada maganar ba har kika koma ga Allah.

To, ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, Alhaji Sabo ya ce shi zai kai ni wurin gwajin a motarsa. Ba taimako ya kai shi ba, kallo ya je. Tun a hanya yake cewa, "Furofesa, ka bar wasiyya? Wa zai gaji jakar takardun nan?"

Abu Salim na jiranmu a gaɓa, ɗan siririn tsoho, rana ta ƙona shi ya yi baƙi kamar mutanenmu. Ya nuna min jirgin. Irin na Turawa ne, filafili biyu dogaye, an ɗaura kowanne a gefe, mutum ya zauna a tsakiya ya juya wa inda za shi baya. Na sha ganin ɗalibai na yin haka a Ingila. Sai na ce a raina, ai ni ma haka zan yi, kamar wanda ya yi karatu. Na zauna na gyara wuyan riga, na ja.

Jirgi ya juya hagu. Na ja ɗaya hannun, ya juya dama. Na ja duka biyun, filafili ɗaya ya tsallake ruwa na faɗi rigingine, ƙafafuna a sama. Sau uku ina zagaya wuri ɗaya kamar jakin da aka ɗaure a turke. Alhaji Sabo ya ɗaga waya yana ɗauka, yana dariya har da tari: "Furofesa, a Ingila da'ira aka koya muku? Turken ga shi can, abokina, ba nan ba!" Abu Salim ya ɗaga hannu ya ce, "Khalas, ya hajji, khalas." Wato ya isa, in fito.

Na zauna ina haki, jirgi na lilo. Na ga gungun daga nesa, na ga rumfar gidan. Na ce wannan ma ya kuɓuce, kamar sauran. Sai idona ya sauka a kan ruwan, na ga wani wuri yana yamutsewa, gefensa kuma ya kwanta lumui. Ban san lokacin da na ji muryarki ba: "Inda fuskar ruwa ta tattare, yashi ne a ƙasa, bi ta inda ya yi santsi. Kuma ka dubi gabanka, wa ya taɓa tuƙi yana kallon inda ya baro?"

Na kwance filafili ɗaya na kwantar da shi a cikin jirgi. Na kwance na biyun na riƙe shi a tsakiya, saboda tsayinsa ya yi yawa. Na cire takalma, na koma can ƙarshen jirgi, na naɗe ƙafar hagu na zauna a kanta, na fuskanci turke. Na tsoma, na ja, a ƙarshen jan na murɗa hannu yadda kika koya min, kamar mai kwashe tuwo da mara.

Inna, jirgin ya miƙe. Ya miƙe sak, kamar an ja shi da zare. Kafaɗuna sun tuna abin da kaina ya yi shekaru yana ƙoƙarin mantawa. Ruwan nan nasu yana janyewa ya dawo sau biyu a rana, kuma a lokacin janyewa yake yi, amma na bi ta santsin, na kauce wa yashin, na zagaya turke har na shafa shi da tafin hannu don tsokana. Da na juyo, waƙar da kike yi in za mu kasuwa ce a bakina. Na kawo jirgi gaɓa a hankali, ko ƙara bai yi ba.

Alhaji Sabo ya daina dariya, wayar tana ci gaba da ɗauka. Abu Salim ya shigo ruwa har gwiwa ya riƙe hancin jirgin, ya dube ni ya tambaya da Larabci, wa ya koya min wannan tuƙi. Ya ce wannan ba na makaranta ba ne.

Na miƙe tsaye a cikin jirgin. Na ce masa uwata ce, kuma mai sayar da kifi ce. Na faɗa da gurɓataccen Larabcina, sannan na juya na maimaita da Hausa, da ƙarfi, don Alhaji Sabo da wayarsa su ji. Alhaji ya ce, "Kai Furofesa! Ashe Basarke ne kai? Shekara goma sha ɗaya muna tare kana ce mana ɗan akawu!" Na ce masa Basarke ɗan Basarke, kuma in ya ƙara dariya in sa shi a jirgin in kwance igiya. Tsohon kuwa ya dafa ƙirji ya ce tasa uwar ma kifi take shanyawa, ya yi miki addu'a, ya ciro makulli daga aljihu. Ya ce akwai gajeren filafili na mahaifinsa a rataye, zai sa min shi a jirgi.

Yanzu la'asar ta yi, kaya na gabana a tsakar ɗaki. Jarkar ruwa huɗu, don na gungun ba ya shayuwa. Shinkafa, man gyaɗa, albasa, gishiri, yaji da ƙuli-ƙulin da wata Hajiya ta kawo daga Kano, dabino, buta, darduma, maganin hawan jini, da takardar gwajin korona. Jiya na shiga kasuwa na sayi ƙugiya da zare, mai shagon ya so ya sayar min da sandar kamun kifi ta zamani, na ce ya riƙe abinsa. Nama ban saya ba. In na kasa ciyar da kaina a cikin ruwa, to yunwa ta yi min hukunci.

Na jera su yadda kike lodi: mai nauyi a ƙasa kuma a tsakiya, abin da ba ya son ruwa a sama, ashana a cikin hula. Abokan ɗakina sun ce ai akwai murhun gas a can. Na ce na sani, ashana dai a hula take tafiya.

Abu ɗaya na fitar daga kayan. Jakar takardun digirina, wadda ban taɓa tafiyar kwana ba tare da ita ba, na tura ta ƙarƙashin gado. Babu wanda zai tambaye ni ita a can.

Saura magana ɗaya, ita ce ta sa na ɗauki wayar. Makarantar ba ta da wani girma, Inna. Ina zaune a tebur na uku daga ƙofa. Na ji kiran sarai, kuma na san kin san na ji. Kin ba ni mafaka na shige, na bar ki da zaman gindin darbejiya. Ga shi yau ina amsawa a gaban duk wanda ya karanta wannan takarda, 'yan kasuwar Deira da abokan karatuna da suka rage: ni ne ɗan mai kifin. Dogo, mai tabo a goshi. Ga ni, Inna, na fito.

Ki yafe min. Kifin farko da zan kama gobe, in Allah Ya yarda, zan yi bandarsa da hannuna, in dawo da shi in ba da sadaka da sunanki.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya yalwata shi fiye da faɗin kogin da kika tuƙa. Allah Ya shayar da ke daga Alkausara, Ya haɗa ki da Baba a Aljanna, Ya sa in na zo bakin ƙofa a kira ni in amsa tun kiran farko. Amin.

Wassalam.

Naki,
ɗan farin da bakinki bai taɓa kama sunansa ba,
Ɗan Mai Kifi.